Romon Kifin Inna

A wani zamani an yi wani Sarkin Ruwa da ya hana kowa kamun kifi a tafkin garinsu har ƙananan kifaye su girma. Ana nan sai mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, ta ƙi cin komai sai romon kifi.

Ya ɗauki komarsa ya je bakin tafki. Mai gadi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka kafa dokar. Kama, ni ban gani ba."

Ya daɗe yana duban ruwan, sannan ya nufi wani kogi mai nisa. Washegari ya dawo da kifi, ƙafafu a kumbure.

Tsohuwa ta kurɓi romon, ta dube shi. "Wannan ba kifin tafkinmu ba ne."

"Ba shi ba ne, Inna."

"To, ƙaro mini."