Fijon Gindin Tsamiya

Ana kiran sallar magariba Idrisu ya dawo daga kamfanin robobi na Sharaɗa, da ƙunshi a aljihu. Bai tsaya a tsakar gida ba, ya wuce falo, wurin kabad ɗinsa na gilashi. Shekara goma sha biyu yana tara motocin wasa a ciki, kwaikwayon motocin da: Boksuwaja, Landiroba, Marsandi mai dogon hanci. Ta yau 'yar Fijo ce ta gwangwani, ƙirar hannu, duk ta yi tsatsa. Ya tsince ta ne a bayan kamfani, inda aka sare wata tsohuwar tsamiya za a gina sito. Ya goge ta, ya jera ta cikin 'yan'uwanta, ya yi bismilla ya kulle.

Matarsa Rakiya tana kwashe tuwo sai dutse ya faɗo cikin miya. Wani ya sauka a kan rufin kwano. Ta leƙa waje, lungun babu kowa.

Tun daga ranar, da rana ta faɗi sai jifa. Idan jifan ya lafa, sai a ji ana ƙwanƙwasa gilashin kabad a hankali, daga ciki.

A kwana na huɗu 'yarsu Bilkisu, mai shekara goma sha shida, ta daina magana. Takan durƙusa gaban kabad, ta manna goshi a gilashi, ta wuni. Da suka yi niyyar kai ta asibiti, ana zuwa bakin zaure ƙafafunta suka kafe. Maza huɗu suka kama, ba ta motsa ba. Rakiya ba za ta fita ta bar ta ba, Idrisu ya daina zuwa aiki, maƙwabta kuma suka ɗauke ƙafa. Ƙofa a buɗe take, amma ba mai shiga, ba mai fita.

"Baban Bilkisu," in ji Rakiya, murya ƙasa-ƙasa, "tun ranar da ka kawo abin nan ne."

"Gwangwani ne fa," ya ce, ya tura makullin can cikin aljihu.

A kwana na tara aka ɗauko Malam Muhyiddeen daga Challawa, dattijo mai ruƙiyya. Ya iso bayan la'asar, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi kafin Bilkisu ta juyo. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, a dishe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi komai ba. Tsamiyar nan gidana ce tun ba a kafa inji ko ɗaya a Sharaɗa ba. Da aka sare ta, na zuba 'ya'yana a motar nan, na tafi nemo mana wuri. Na dawo babu mota. Ubanta ya rufe su da bismilla, ni kuwa ba na iya buɗe abin da aka rufe da ita. Ya kulle nawa, na kulle tasa."

Rakiya ta rufe baki da mayafi.

"Za a buɗe," in ji Malam. "Ke kuma ki fita, fita ta har abada."

"Sai dai yarinyar ta raka mu."

"Ba za ta taka ko'ina ba. Wanda ya ɗauko shi zai mayar. Fijo za a ba ki."

Muryar ta yi wata busasshiyar dariya. "Yara ne fa, kwana tara a kulle. Kana tsammani a mota ɗaya suka zauna?"

Idrisu ya dubi motocinsa. Ya san inda ya samo kowacce, ya san wadda ya bi har Bompai sau uku kafin mai ita ya yarda ya sallama. Sannan ya dubi leɓɓan 'yarsa da suka tsage saboda ƙishirwa. Ya zaro makullin.

Malam ya sa mai muryar ta yi alkawari, ta yi. Ya ce wa Idrisu ya kai su bakin kogin Challawa kafin rana ta faɗi, kada kuma ya waiwaya.

Ya zuba su duka a buhu. Mai adaidaita ya sauke shi a ƙarshen kwalta, ya ƙarasa da ƙafa. Buhun da ya ɗauko da hannu ɗaya sai ƙara nauyi yake, har ya koma jan sa a ƙasa. A bakin ruwa ya kwance bakin buhun, ya juya. Bai yi taku goma ba ya ji an tayar da mota a bayansa, sai wata, sai wata, da ƙarar tsofaffin injina. Ya ci gaba da tafiya, hawaye na zuba, bai waiwaya ba.

Da ya shigo lungunsu, ya hango Bilkisu zaune a kan dakalin ƙofar gida, Rakiya na riƙe mata kofi.

"Baba," ta ce da muryarta, "ina ka je? Tun ɗazu nake tambayarka."