Filashin Mahmuda

Ranar Asabar da hantsi aka shigo da Jaji ofishin 'yan sanda na Ƙaura Namoda, an shaƙe masa wuyan riga. Mai shaƙar kuwa Alhaji Armiya'u ne, dillalin shanu, wanda in yana ciniki a kasuwar Shinkafi har bakin titi ana jiyo muryarsa.

"Ga ɓarawo nan," in ji Alhaji. "Katin dubu goma sha biyar na sa wa wayata ran Alhamis, yau babu ko kwabo. Ba mai taɓa ta sai wanga talikin da ke yi mini caji. Litinin sai gaban alƙali, kuma wallahi sai an cire mai hannu."

Insifekta Rufa'i ya dubi Jaji. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, sana'arsa zama ƙarƙashin laima a tasha, yana cajin wayoyi da ɗan janareta, yana ba da hayar kira. Sai cusa hannunsa na dama yake yi a hammata. Shekara biyar ke nan da ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, ba mai buƙatar a yi masa bayani. Abin ya tsaya wa Rufa'i a rai, ya ƙudurta ba zai bari a yi caca da hannun bawan Allah ba.

"Yaushe kake karɓar wayar?"

"Bayan azahar, yallaɓai, in mayar kafin la'asar."

Rufa'i ya buɗe jerin kiran da aka yi a wayar Alhaji. Lamba ɗaya ce doguwa ta ƙasar waje, an kira ta sau tara cikin kwana biyu, duk da sassafe ko gab da magariba.

"A waɗannan lokutan wayar tana hannun wa, Alhaji?"

"Tana aljihuna. Ai wagga lambar Mahmuda ce, ɗana da ke karatun likita a Yukiren. Ɗalibi ba shi da kuɗi, shi yi filashin, ni in kira. Ko kai ɗanka zai yi maka filashin ka ƙyale?"

"Kun yi magana?"

"Ina fa! Wata mata ke ɗauka, ta yi ta yarensu, ana kiɗa. In jira, in jira, har in gaji."

"To ai can kuɗinka suka tafi."

Alhaji ya yi masa kallon wanda ya taɓu. "Mi kake faɗi haka? Ban ji muryar yaro ba, shi bai ji tawa ba. Cinikin da ba a sallama ba, wa ke biya?"

Rufa'i ya haɗiye dariyarsa, don ba wurinta ba ne. Mutumin nan ya auna waya da mudun kasuwar shanu, kuma ba mai fitar da shi daga kan haka da fatar baki. Rufa'i ya tambaye shi ko dama haka Mahmuda ya saba. Alhaji ya ce a'a, alkawarinsu filashin biyu ranar Juma'a bayan an sauko. Wannan na kullum sabo ne, lambar ma sabuwa ce, amma farkonta iri ɗaya da ta Mahmuda, sai ya ɗauka wayar makaranta ce.

Aka bar Jaji a bayan kanta, don Alhaji ya ƙi janye ƙara. Rufa'i ya hau babur ya nufi gidan Malam Alhassan, tsohon hedimasta, sakataren ƙungiyar iyayen ɗaliban da ke karatu a waje. Duk lambobin iyayen suna cikin littafinsa.

"Wa ka taɓa ba littafin nan?"

"Ba kowa. Ni ma abin ya ci ni, Insifekta, kunya ta hana in faɗa."

Mutum bakwai a littafin suna da 'ya'ya a Yukiren ko Rasha. Rufa'i ya bi su ɗaya bayan ɗaya, daga Kurya Madaro har Zurmi, kuma duk labarin ɗaya ne. A Zurmi ya sami Inno, wata Bafillata da mijinta ya rasu, wadda ta sayar da tumaki biyu ta zuba a kati.

"Inna, da kika ji yaren da ba ki sani ba, me ya hana ki kashe?"

"Jabiru ya ce kar in kashe. Na kai mai ya saurara, ya ce matar cewa take an tafi kiran yaron daga aji, in yi haƙuri."

"Wane Jabiru?"

"Mai shagon intanet na Ƙaura, wanda ke rubuta muna wasiƙa zuwa ga yara, lambobinmu duk suna wurinsa. Ya yi shekara biyu can Yukiren kafin ya dawo, yana jin yarensu."

Yanzu mutum biyu ke da lambobin iyaye, Malam Alhassan da Jabiru. Zargi kuwa ba hujja ba ne, ga Litinin tana matsowa. Ranar Lahadi da safe Rufa'i ya sayi sababbin layuka biyu daga aljihunsa, ya ɗauko Inno daga Zurmi. Ta kai wa Malam Alhassan lamba ɗaya ta ce ta canza layi, ta kai wa Jabiru ɗayar da magana iri ɗaya. Rufa'i ya ajiye wayoyi biyu a kan teburinsa, ya zauna yana gadinsu kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Ko abincin rana bai ci ba.

Ana kiran la'asar ɗaya ta yi ƙara sau guda ta yi shiru. Layin da aka ba Jabiru ne.

Rufa'i ya same shi a shago gaban kwamfuta, da gilashinsa a goshi.

"Layin nan jiya yana cikin leda. Mutum uku suka san lambarsa, ni da Inno da kai. Yaya aka yi mutanen Yukiren suka samu?"

"Ƙila kuskuren lamba ne, yallaɓai."

"Madalla. To buɗe wasiƙun da ka aika yau."

Jabiru ya ce janareta na wasa. Rufa'i ya ja kujera ya ce ba ya sauri. Da aka buɗe, rubutun yarensu ne, Rufa'i bai iya karanta ko harafi ba, amma lamba ba ta da yare. Ga ta Inno ta safe, ga ta Alhaji Armiya'u, ga ta Malam Alhassan, a jere. Jabiru ya cire gilashin ya ajiye.

A ofis ya amayar da komai. Wasu abokan da ya yi a can ne suke da layi mai tsada, wanda duk minti ɗaya ke cinye kuɗin mudun gero uku. Shi ke tura musu lambobi, na'urarsu ta yi filashin, su aiko masa da kasonsa.

"Matar fa, me take cewa?"

"Faifai ne. Hasashen yanayi take karantawa, ko za a yi ruwa gobe."

Rufa'i ya juya ga Alhaji, wanda tun ɗazu ya zauna a benci. "Jabiru ya san ba uban da zai ga filashin ɗansa ya ƙi kira, kuma ya san in ya ce ku jira za ku jira. Jaji bai ci sisinka ba. Da yatsanka ka kira, sau tara."

Aka buɗe wa Jaji, ya fito ya wuce ta gaban Alhaji bai ko ɗaga kai ba.

Juma'ar da ta biyo, Rufa'i ya tsaya a tasha bayan an sauko. Ya tarar da Alhaji tsugune gaban laimar Jaji, ya cire hula, yana neman gafara gaban direbobi da masu shayi, inda ya fara kiran mutumin ɓarawo. Jaji yana ta jona wayoyinsa. Can sai wayar Alhaji ta yi ƙara ta katse, ta sake yi ta katse. Sau biyu, ranar Juma'a. Alhaji ya zuba mata ido. Tun da abin ya faru bai sake sa kati ba, tsoro ya hana shi.

Jaji ya leƙa lambar, ya danna ta a wayarsa ta haya, ya saurara har ya ji an yi sallama da Hausa. Sannan ya miƙa wa Alhaji da hannunsa na dama.

"Karɓi, Alhaji. Mahmuda ne."