Ranar da Auta ta Gyara Taswira

Auta ce ƙarama a gidansu. Mamarta farfesa ce a jami'a, tana koyar da ilimin zamantakewa, wato nazarin yadda mutane ke zama tare. Shekara biyu ta yi tana bi gida-gida da ɗalibanta, suna tambaya: "A ina kuke samun ruwa?"

Duk amsar da suka samu sai su zuba ta a wani jadawali a kwamfuta. Daga jadawalin ne taswira ke fitowa. Layin da ke da famfo kore, wanda ba shi da famfo ja. Mama ta buɗe wa kowa taswirar a intanet, kyauta.

Wata rana malamin su Auta ya haska taswirar a bangon aji. Ga layin su Auta nan, ja wur.

"Ashe 'yar farfesa ma jarka take ɗauka!" in ji wani yaro.

Aji ya kwashe da dariya. Auta ta sunkuyar da kai.

Da ta koma gida, ta tarar da kwamfutar Mama a buɗe. Mama tana waje da baƙi. Auta ta nemo layinsu. Duk inda aka rubuta "babu", ta mayar da shi "akwai". Gida goma sha huɗu. Nan take layin ya koma kore. Ta ji sanyi a ranta.

Bayan wata biyu, ma'aikatan ruwa suka zo da bututu. Da taswirar Mama suke aiki. Suka haƙa layin gaba, suka haƙa na baya. Na su Auta suka tsallake shi.

Wata tsohuwa mai wanki da ke layinsu ta shigo gidan, ko zama ba ta yi ba.

"Farfesa, sau uku kika zauna a tabarmata da takarda da biro. Na nuna miki kafaɗata yadda jarka ta cinye ta. Yanzu an ce ke kika rubuta muna da ruwa. Ina yake? A cikin kwamfutar taki zan yi wankin?"

Mama ta jawo kwamfutarta. Ta buɗe jadawalin, ta daɗe tana dubawa.

"Wani ya taɓa wannan," ta ce. "Gobe sai na titsiye ɗalibaina ɗaya bayan ɗaya."

Auta ta fashe da kuka. "Mama, ba su ba ne. Ni ce. Dariya ake yi mini a aji."

"Dariya?" in ji Mama. "Auta, waɗannan ba kalmomi ba ne kawai. Kowace 'babu' a nan mutum ne ya faɗa mini da bakinsa, don ya yarda da ni. Kin goge kunyarki, kin bar su da ƙishirwa."

Mai wanki ta dubi yarinyar. "To, sannu da gyara," ta ce, ta fita.

Washegari Mama ta miƙa wa Auta takarda da biro. Suka sake bin gidajen nan sha huɗu. A kowace ƙofa Auta ta faɗi abin da ta yi, ta ba da haƙuri. Wasu suka yafe. Wani tela kuwa ko ɗago kai bai yi daga kekensa ba.

Mama ta mayar da amsoshin yadda suke, ta rubuta wa ofishin ruwa. Aka ce sai zagaye na gaba. Wata huɗu cur layin ya ƙara jira. Kullum da safe Auta ce ke ɗebo wa mai wanki jarka biyu kafin ta tafi makaranta.

Ranar da famfo ya kawo, yara suka yi ta ihu. Mai wanki ta tara hannu, ta watsa wa Auta ruwa a fuska.

"Sha, ja'ira! Kin wahalar da mu, amma kin tsaya kin gyara."

Auta ta yi dariya har da hawaye. Daga ranar ta gane cewa ɓoye gaskiya ba ya kawar da matsala. Sai an faɗe ta yadda take, sannan a samu mai taimako.