Jar Masarar Dada

Ranar kasuwar Yankara Muhammad Auwal ya fara ganinta, kuma in za a faɗi gaskiya, ba da daɗi aka fara ba.

Daga Ketare ya zo da jakar takardu. Ma'aikaci ne na wata hukuma ta ƙasashen yankin nan mai son tara masara a rumbu ɗaya saboda shekarar yunwa. Ya hau benci a layin 'yan hatsi yana bayani: hukuma za ta riƙa sayen masarar Kankara da Faskari da Sabuwa, amma sai farin irin da ta kawo, kuma duk garin da ya shiga sai ya bar shuka irin gida don kada su gauraya.

Yana cikin zuba sai wata budurwa mai shuɗin hijabi, riƙe da hannun wata tsohuwa, ta ce, "Malam, waɗanda suka rubuta dokar nan, wa ya zaɓe su?"

"Wakilan ƙasashe ne suka zauna."

"Na ji. Mu kuma wa ya wakilce mu?"

Auwal da ya haddace amsoshi kamar karatun allo ya shiga laluben takardunsa. 'Yan hatsi suka kwashe da dariya. Shi ko bawan Allah ko haushi bai ji ba, don idonsa ya riga ya tafi inda bai aike shi ba.

Ummu Salma sunanta, sakatariyar ƙungiyar mata manoma, tsohuwar kuma kakarta ce, Dada. Dada na da wata jar masara da ta gada wurin uwarta. Shekarar da rashin tsaro ya kore su daga ƙauye ta bar tukwane da tabarmi, gorar irin nan kaɗai ta rungumo.

A takardar da mahalarta suka rubuta suna Auwal ya tsinci lambarta. Da la'asar ya tura saƙo:

"Assalamu alaikum. Mai benci ne. Har yanzu ina neman amsar tambayarki. Kafin in samo, a yi mini izinin gaisuwa?"

Ta amsa: "Wa alaikumus salam, Mai Benci. Gaisuwa ba a hana ta. Amsa kuma ina jira."

Daga gaisuwa sai zance a zaure. Wata biyu ba su cika ba ya koma kiranta 'Yar Dada, ita kuma ta ƙi sauya masa suna.

"Mai Benci, ka san dai ina faɗa da aikinka."

"Na sani, 'Yar Dada. Ki yi ta faɗa da aikin, ni dai ki bar ni a zuciyarki."

Ta rufe fuska da hijabi tana murmushi, don ita ma ta kamu, kamu na sosai.

Mahaifinta, Alhaji Mani, shi ne bai ga abin murmushi ba. Da magabatan Auwal suka zo, ya karɓe su da mutunci, sannan ya ce, "Yaron nan ban san shi da mugun hali ba. Amma shina yawo da takardar da za ta kashe irin uwata. Da wane ido zan dubi Dada in na ba shi ɗiyata?"

Akwai kuma Yahya, ɗan kwangila mai mota, wanda hukumar ta naɗa wakilin manoma ba tare da ya taɓa riƙe fartanya ba. Shi ma Ummu Salma yake so. Wata rana ya zo gidan Alhaji Mani da wata takarda mai hatimi, ya ce an gama, manoma sun amince da dokar. Ga sunaye jere, har da na Dada da dangwalen yatsanta, a ƙasa kuma sa hannun Auwal.

Ummu Salma ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta ɗauki hoton takardar ta tura wa Auwal, ta rubuta:

"Ashe amsar tambayata ke nan. Ka sa kakata ta dangwala wa abin da zai raba ta da gorarta. Kada ka ƙara zuwa."

Sai da Auwal ya ga hoton takardar ya gane ta. Ita ce ta ranar kasuwa, wadda ya zagaya da ita don a san waɗanda suka halarta. Da ta biyo ta hannun Yahya a matsayinsa na wakili, sai ya sauya mata kan magana ya aika a matsayin yardar jama'a.

Bai tsaya lallashi ba. Ya je gaban shugabanninsa ya ce wanda ya tsaya sauraro daban, wanda ya yarda daban, kuma in ba a tambayi manoma ba zai bayyana a rubuce cewa takardar ƙarya ce, ko da aikin zai tafi. Aka dakatar da shi nan take. Amma maganar ta riga ta fita, garuruwa suka ce ba buhun da zai motsa, dole hukuma ta sa ranar taro a Faskari.

Ya tura mata: "'Yar Dada, na yi sakaci da takarda, ban ci amanarki ba. Ki zo Faskari ranar Asabar. Can zan ba ki amsarki."

Ta je. Baƙin hukuma sun zo da fom na Turanci, rabin filin kuwa ba mai karanta shi. Dada ta miƙe da sandarta.

"Mi za mu yi da wanga? Mu a ƙungiya ƙwarya muke ajewa. Kowa a ba shi ƙwayar masara biyu, fara da ja. Mai son dokarku yadda take ya jefa fara. Mai son a sayi taku a bar mu da tamu ya jefa ja."

Aka yi layi, maza da mata, mutanen Pauwa da na Sabuwa da na Yankara. Da aka buɗe ƙwaryar ba wanda ya nemi a ƙirga. Ja ce wur, farare 'yan kaɗan a ciki. Nan take kuma aka ce wakili ma sai wanda aka zaɓa, aka sake layi, ƙwayoyi suka taru gaban Ummu Salma. Yahya ya ja motarsa tun kafin a yi addu'a.

Bayan sati uku amsa ta zo: an karɓi iri biyu, an ba zaɓaɓɓiyar wakiliya kujera, an maida Auwal bakin aiki. Mata suka yi ta guɗa a Yankara har muryoyi suka dushe.

Alhaji Mani ya aika aka kira Auwal da magabatansa. Ya sa aka kira ɗiyarsa, ya miƙa mata ƙwaya biyu.

"Na ga yadda ake yi a Faskari. Ni ma ba zan yanke maki ba tare da na tambaye ki ba. Fara a'a ce, ja kuwa kin sani."

Ummu Salma ta sunkuyar da kai. Auwal ya cire hularsa ya ajiye a gabanta. Ta ɗan ja lokaci da gangan, don ba ta iya barin tsokana, sannan ta saki ja a ciki.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Dada ta raba irin gorarta biyu, ta sa rabi cikin kayan amarya, ta dafa kawunansu ta ce, "Allah shi yi maku albarka, shi ba ku zuri'a mai tambaya kamar uwarsu."

Aka ce amin. Ƙwayar da ta faɗa hula kuwa Auwal bai yarda an haɗa ta da sauran ba. Da ruwan farko ya sauka, su biyu suka shuka ta a tsakar gidansu.