Yadin Da Ke Ƙasan Durowa

Almakashi na hannuna lokacin da ta shigo.

Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta wuce keken ɗinkina, ta tsaya a gaban teburin yanka, inda na shimfiɗa yadin gunduwa-gunduwa: gaban riga, baya, hannuwa biyu. Siliki ne ruwan madara, da ƙananan furanni ruwan zuma.

Mahaifiyar wanda zan aura ce. Saura mako uku bikinmu.

Ta ɗora tafin hannunta a kan gaban rigar, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Shi ne ya kawo min, Mama..."

"Nawa ne."

Iyakar abin da ta ce ke nan, a hankali. Da ihu ta yi da ya fi min sauƙi.

A bakin ƙofa 'yar ƙanwarta ce tsaye tana kallon silin, wadda kowa ke kira Mai Butik. Jiya ta zo wai ganin rigar amarya, ta yaba, ta ɗauki hoto. Yanzu na gane inda hoton ya je.

Na fara cewa ban sani ba, Mama ta ɗaga min hannu. Ta ce in faɗa wa mutanen gidanmu a dakata da maganar rana, tana son ta yi tunani. Na ce ko in naɗe mata yadin ta tafi da shi. Ta dubi gunduwoyin ɗaya bayan ɗaya.

"In yi me da shi yanzu?"

Suka fita.

Wanda zan aura kafinta ne, shagonsa na kallon nawa. Ba ya ƙera sabon abu. Tsofaffin kujeru da durowoyi yake gyarawa har su dawo hayyacinsu. Mun haɗu ne ranar da na jawo wata kujera mai ƙafa uku daga kasuwar gwanjo, ya tsallako titi ya ce in na zauna a kanta a haka, shi ba zai ɗauki alhakina ba. Ni ma haka nake da tsofaffin kaya. Ina da kwalabe cike da maɓallan da na ciro daga rigunan da aka daina yayinsu, da leshin da na warware zare-zare daga labulen da aka yar. Da aka sa ranarmu, muka yi shawarar komai na bikin zai fito daga hannunmu. Shi kujerun da za mu zauna, ni rigata da furannin ƙyalle na tebura.

Mama ba ta so ba tun farko. Ta ce mutane za su ce tsumma aka sa wa matar ɗanta. Mai Butik kuma, wadda dangi suka daɗe suna so ya aura shi kuwa bai taɓa so ba, ta yi tayin ba ni riga daga shagonta kyauta, cikin muryar da ake ba mara lafiya magani.

A sana'ar masu gyaran kayan katako irinsa, duk abin da aka bari cikin aljihun tsohuwar durowa an gama da shi. Yana da kwali guda na irin waɗannan: makullan da ba su da ƙofa, tabarau mai ido ɗaya, matazai. Shekara goma yana aikin, ba wanda ya taɓa dawowa nema. Da Mama ta aiko da durowarta a gyara ƙofa, ya tarar aljihun ƙasa ya cije. Ya lallaɓa ya buɗe, ya ga yadi a naɗe cikin tsohuwar jarida. Bai yi tunanin komai ba sai ni.

Na tambaye shi na waye. Ya ce na gidansu ne, an manta da shi.

Sau ɗaya na tambaya. Na san mace ba ta naɗe abin da ta manta da shi da irin wannan kulawar. Amma yadin ya riga ya shiga raina, sai na bar amsarsa ta ishe ni.

Ranar, bayan tafiyar su Mama, ya shigo da garin katako a gashinsa. Ya riga ya ji.

"Allurata..."

Haka yake kirana. Ranar ban iya murmushi ba.

Ya ce laifinsa ne, zai je ya faɗa mata haka. Ya je, ya dawo da yamma ya zauna a kujerar nan tawa. Wai ta saurare shi har ƙarshe, ta tambaye shi ko ya ci abinci, ta shige ɗaki. Ya ce shi ba zai auri kowa ba in ba ni ba, ko da za a shekara ana dakatawa. Na ce na sani. Na kuma ce masa ba zan shiga gidan da uwarsa za ta riƙa ganin almakashi a hannuna duk ranar da ta dube ni ba.

"To ya za mu yi?"

"Ka ba ni kwana kaɗan, masoyi."

A gida yayata ta ce dama ta faɗa, mutum biyu masu kwasar bola in suka haɗu, wata rana sai sun kwaso abin da yake da mai shi. Ta ce in kai wa matar sabon siliki mai tsada a rufe magana. Na ce ba siliki ta rasa ba. Ta ce to me ta rasa? Na ce ban sani ba tukuna. Ta harare ni, sannan ta turo min shayi.

Kwana uku ina zama gaban teburin ban taɓa komai ba. Na yi tunanin haɗe gunduwoyin su koma yadi guda, amma wanda aka yanka ya yanku. Ɗinki zai fito ko da wane irin hannu aka yi shi. Ran na huɗu na tattara komai. Har siraran ƙyallayen da na zubar ƙarƙashin tebur na tsince, na kaɗe, na jera. Na goge jaridar da hannu, na naɗe su a ciki yadda na same su.

Da hantsi na isa. Mama na zaune a falo, Mai Butik na gefenta tana nuna mata hotunan riguna a waya. Na durƙusa na gaishe su, na ajiye ƙunshin a gaban Mama.

Mai Butik ta ce ai an gama ɓarna, kawo gawar kuma na mene ne. Mama ba ta dube ta ba, ta ce ta je kicin ta ɗora ruwan zafi. Ta tashi tana jan takalmi.

"Mama, ban zo kare kaina ba. Ya ce an manta da shi, ni kuma na san ba a manta ba. Son yadin ne ya hana ni sake tambaya. Ki yafe min."

Ta buɗe ƙunshin. Ba manyan gunduwoyin ta ɗauka ba, wani siririn ƙyalle ta ɗaga, ta ja shi kaɗan tsakanin yatsunta.

Ya rabe biyu ba ko ƙara.

Ta ɗauki wani. Shi ma haka.

Ta tambaye ni me na zuba masa. Na ce ban zuba komai ba. Na yi mata bayani a taƙaice: siliki in ya daɗe a ninke wuri guda, bakin ninkin yakan mutu. Da na warware shi na tarar duk layin ninki ya ruɓe, shi ya sa na bi su na fitar, na yanka rigar daga tsakiya inda yake da sauran rai.

"Da an bar shi a ninke, da ya ƙara shekara nawa?"

"Biyu... ko uku. Daga nan sai dai ƙyallaye."

Ta jingina da kujera. Na shiga gyara ƙyallayen a kan jaridar. Na lura mutane sukan faɗi abin da ke ransu in ba a tsaya musu a kai ba.

Can ta fara magana, idonta a kan yadin. Ta ce marigayi mijinta ne ya kawo mata shi makon da ya samu aiki, suna ɗaki ɗaya, tana da cikin ɗansu. Ta ce masa ya fi ƙarfin zaman gida, sai ranar da suka tare a gidan kansu. Da suka tare, ta ce sai yara sun gama makaranta. Shi kuma duk shekara sai ya tsokane ta, ya ce ko tela take jira a haifa. Ana haka ya kwanta ciwon sati guda. Bayan rasuwarsa aljihun ya cije, ita kuma ba ta nemi a buɗe ba. Sanin yana ciki ya ishe ta.

"Bai taɓa ganinsa a jikina ba."

Ta share ido da bakin mayafinta. Ni ma nawa suka cika, na sunkuyar da kai.

Da ta natsa na ce akwai abin da nake roƙo. Na ce ina barin rara mai faɗi a kowane gefe idan ina yanka, ban kuma sa allura ba tukuna. In ta yarda, in mayar da rigar tata. Ba don a fasa dakatawa ba, wannan hukuncinta ne. Don dai nata ne.

Ta dube ni sosai, karo na farko tun da na shigo.

"Ke kuma ki sa me?"

"Ba zan rasa ba, Mama."

Na ciro tef daga jakata. Ta dafa hannun kujera ta miƙe, ta ɗaga hannuwa kamar yarinya. Na auna kafaɗa, na auna ƙirji, na zagaya ƙugu. Na ɗauki gaban rigar da bayanta na kara a jikinta, na buɗe rarar har ƙarshe.

Bai haɗu ba. Saura kusan tafin hannu guda a kowane gefe.

Na sake jawowa a hankali, ina ta lissafin inda zan sa ƙari. Sai na ji jikinta yana girgiza. Na ɗago a tsorace.

Dariya take yi.

"Bar wahalar da kanki, 'yata. Yarinyar da aka saya wa yadin nan ta daɗe da tafiya."

Mai Butik ta leƙo da butar shayi, ta ga Mama tana dariya da hawaye, ta ajiye ta koma.

Mama ta karɓi tef ɗin daga hannuna, ta ce in miƙe tsaye sosai. Ta zagaya shi a ƙuguna, a juye ma ta riƙe shi, ta ce na rame, kwana huɗu kawai, in na ci gaba a haka rigar za ta yi min yawa kafin ranar.

"Ranar, Mama?"

"Tana nan inda take. Amma da sharaɗi. Kalmasar ƙasa ni zan yi da hannuna."

Haka aka yi. Mako biyu tana zuwa shagona kowace safiya, ta zauna kusa da taga da tabaranta, ni ina zura mata zare. Ɗanta yakan tsallako da kofin shayi biyu, ta ce ya koma ga katakonsa, nan wurin mata ne. Rabonta da riƙe allura ya fi shekara ashirin. Ɗinkin ya fito wani dogo wani gajere, a gefen hagu ma ya ɗan karkace.

Ranar biki, da muka zauna, ya sunkuyo ya dubi ƙasan rigar da idon mai sana'a, ya yi min raɗa.

"Allurata, wannan ba hannunki ba ne."

Na ce a'a, ba nawa ba ne.

Kwana biyu rigar ta yi a wurina bayan Mama ta gama. Ban warware ko ɗinki ɗaya ba.