Tsohuwa Mai Sawun Toka

Bayan Hajjin 1965, Alhaji Yunus, wani Ba'indiye da ya musulunta, ya kama ɗaki a gidanmu na unguwar Misfala a Makka. Wata rana bayan isha'i na ji ƙararrawa a bakin ƙofa, ga ƙamshin furanni. Da na leƙa, wata tsohuwa ce cikin farin zane, ba takalmi.

"'Yata, kira min ɗana da ya kama ɗaki a nan," in ji ta, bakinta ko motsi bai yi ba. "Ya yi alkawarin kai ni ziyara ɗakin bautar uwargijiyarmu na kan dutse. Har yau ina jira."

Na shiga na kira Alhaji Yunus. Da muka fito babu kowa, sai sawun ƙafa na toka mai ɗumi.

Ya durƙusa yana kuka. "Hajiya Ramlatu, mahaifiyata ce. Tun muna addinin Hindu ta rasu. Da hannuna na ƙona gawarta."