Injin da Ba Ya Barin Kala

Can a wani ƙauye, wani attajiri ya dawo daga ƙasar waje da injin girbin shinkafa. Injin ya share gonarsa tas, bai bar ko zangarniya ba.

Da hantsi attajirin ya tarar da wata tsohuwa a gonar tana dube-dube, ƙwaryarta wayam.

Ya ce, "Inna, me kike nema?"

Ta ce, "Kala, ɗan nan. Abin da masu girbi suka zubar muke tsinta mu ci. Da shi mahaifiyarka ta raine ka."

Washegari da za a girbe wata gonarsa, attajirin ya ce wa direban injin, "Bar musu gefen gona."

Tsohuwa ta cika ƙwarya, ta ce, "Allah ya jiƙan mahaifiyarka."

Ya ɗora mata ƙwaryar a ka, ya ce, "Amin, Inna. Ni ne da godiya."